Baƙo da kuɗin asibiti a Kano

Daren da ɗana ya fara jijjiga, ban fi wata takwas da ɗauko iyalina daga Damagaram ba. Na fito ƙofar gida a Kurna da yaro a kafaɗa, na buga wa maƙwabcina ƙofa na ce ya taimaka ya kai mu likita. Ya ce, "Wane likitan? Kana da lambarsa?" Mu can gida in an ce likita gidan ake nufi, mai duba mutane kuwa lokotoro ne. Sai da matata ta ce asibiti sannan ya koma ciki ya turo Adaidaita Sahunsa.

Aka yanki kati, aka kwantar da yaro, aka miƙo mini takarda aka nuna mini kemis a tsallaken titi. Allura, ledar ƙarin ruwa, har da safar hannu. Ina tsaye mai kemis yana danna lissafi, ni kuma ina mayar da nairar zuwa sefa a raina, halin da har yau bai sake ni ba. Kafin asuba na tsallaka titin nan sau uku, abin da ke aljihuna ya ƙare ƙarƙaf.

A Nijar, tun 2006 zamanin Tandja aka ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta za a duba shi, haka ma matar da za a yi wa aiki a ciro jariri. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, gwamnati takan yi jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu, kantar magani ta bushe, a rubuta maka takarda ka je ka saya. To amma da wannan tunanin na tsallako iyaka, cewa ciwon yaro akwai hannun hukuma a ciki.

Gadon da ke kusa da namu wani mutumin cikin gari ne yake jinyar 'yarsa. Gari na wayewa dangi suka fara shigowa, wannan da kwanon koko da ƙosai, waccan da fulas, kowa in zai tafi sai ya dunƙule wani abu ya cusa masa a aljihu. Ni kuwa dangina suna bayan Matamaye. Maigidana a Kantin Kwari ne ya ranta mini, Allah ya saka masa da alheri, aka yi wata huɗu ana cirewa a haƙƙina.

Shi ya sa da gardamar inshorar lafiya ta tashi a majalisarmu wata ranar Juma'a bayan la'asar, na kasa yin shiru irin na baƙo. Wani malamin firamare ne ya taso da ita. Duk wata ana yankar masa kuɗin taimakekeniyar lafiya a albashi, wadda Jihar Kano ta yi wa doka a 2016. Kukansa shi ne maganin da ba shi da tsada kullum akwai, mai tsadar kuwa sai a ce ka leƙa waje. Maigidana ya ce ai ga shi nan, shi bai ga dalilin da zai sa ya shiga adashe da wanda bai san ƙofar gidansa ba. "Gwamnati ta gyara asibitin, ta ba mu wuta, ta bar mana lafiyarmu. Wa ya taɓa kwanciya a Kwari ba a yi masa karo-karo ba?" Wani ya sako zancen ko inshora ma ta halatta, wani ɗalibin ilimi ya ce in kuɗin na taimakon juna ne ba na neman riba ba, bai ga laifinsa ba. Aka ɗan ja wannan, aka bari.

Na ce, "Alhaji, ni wa zai yi mini karo-karo?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai Badamagare, ba ni na biya maka ba?"

Na ce, "Bashi ka ba ni, ranka ya daɗe, kuma na gode. In da ka yi tafiya Umara a makon fa?"

Malamin ne ya warware mana tarihin abin. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, ba ta fara aiki ba sai 2005 zamanin Obasanjo, kuma yawancin waɗanda ta rufa wa asiri ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, su biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, asusu ya biya saura. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mayar da inshora tilas, har da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida irina, aka kuma tanadi asusu na marasa ƙarfi. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Da na matsa wa malamin, ya yarda cewa haihuwar matarsa ta bara bai kashe rabin abin da ƙanensa mai sayar da takalma ya kashe ba.

Ni dai a ganina gyara ya zama dole, sai dai an ɗinka rigar ce da awon mai albashi. Wanda ake biya ta banki ana iya yankar nasa tun bai gani ba. Ɗan dako, mai shayi, yaron shago, da me za a kama su? Kalmar tilas a takarda ba ta shiga layin atamfa. Alhali kowane layi a kasuwa yana da shugabanni, suna karɓar kuɗin gadi da na shara ba fashi. In da ta hannunsu ake biyowa, kaɗan-kaɗan duk mako, mutane su san wanda za su riƙe wa riga in an je asibiti an ce babu, da an samu masu shiga. Shi kansa karo-karon da Alhaji yake taƙama da shi ya fara gajiya. Tun da naira ta faɗi a 2023, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar zai tattara nasa ya bar ƙasar, abin shaƙar masu asma ya ninka kuɗi ba sau ɗaya ba. Ɗan abin da ake dunƙulewa a cusa a aljihu yanzu ko maganin kwana uku ba ya saya.

Ba a rabu da matsaya ba, aka kira magariba.

Bayan nan mu Damagarawa shida da ke Kwari muka sayi littafi mai bango ja. Duk Juma'a kowa ya ajiye abin da aka yanka, kuɗin suna hannun dattijon cikinmu, ba a taɓa su sai an kwantar da mutum ko iyalinsa. Sau biyu aka buɗe, ɗaya haihuwa, ɗaya karaya. Ba zai ɗauki babban aiki ba, mun sani, in aka ce wankin ƙoda wata ɗaya zai cinye shi. Alhaji ya daɗe yana tsokanata da shi, yana kirana shugaban inshorar Damagaram. Watan jiya muna rufe shago ya tsaya da kwaɗo a hannu ya ce, "Wai littafin nan naku, ana rubuta Bakano?"