Laimar kwaɗin da ba ta rabuwa da bishiyarta

A gida, laimar kwaɗi abar takewa ce. Muna yara in damina ta zauna mukan gan ta a gindin suri ko kan juji, iyaye su ce kul kada mu taɓa. Sai da karatu ya kawo ni Poznan, a ƙasar Poland, na ga mutane suna sammako saboda ita.

Watan Satumba, bayan an kwana uku ana yayyafi, tsohuwar da nake haya a gidanta ta ɗauki kwando da 'yar wuƙa muka nufi dajin Notecka. Babcia nake ce mata, wato kaka. Ina ta duban ƙasa, ta ce, "Ɗana, bishiya za ka fara dubawa." Ta nuna min itatuwan fain masu ganye kamar allura, da wasu masu farin ɓawo. A gindinsu, cikin gansakuka mai laima, muka tarar da borowik, wata irin laimar kwaɗi da ake ci. Kanta ruwan ƙasa kamar gasasshen burodi, ƙafarta kauri ne da ita kamar taɓarya. Na juya ta, na ga ƙarƙashin hular babu layi-layin da na sani, sai ƙananan ramuka kamar soso. Farare ne in tana ƙarama, in ta tsufa su koma rawaya-kore, lokacin kuwa tsutsa ta riga ka.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda ido ba ya gani. Ainihin jikinta zare ne siriri da ke cikin ƙasa, ya naɗe kan saiwoyin bishiya. Ita ke jawo wa bishiyar ruwa da ma'adinai irin su fosfaras, bishiyar kuma ta ba ta sukarin da ganyenta ya haɗa. Shi ya sa har yau ba a noma ta a gona, duk da tsadarta. Masana suna kiranta Boletus edulis, sunan da Pierre Bulliard, masanin tsirrai ɗan Faransa, ya ba ta a 1782. In aka sare daji, ita ma ta tafi, kuma ina jin zafin hakan duk lokacin da muka wuce filin da babu komai sai kututture.

Babcia kan murɗe ta a hankali, ta mayar da gansakuka ta rufe ramin da tafin hannu don kada zaren ya bushe. Da daddare muka yanyanka su, muka zura a zare muka rataya kusa da murhu. Ta ce na miyar jajibirin Kirsimeti ne. Har yanzu ƙamshin bai fita daga rigar sanyina ba.