Wannan "to" ɗin da ke cikin "look forward to"

Jama'a, yau dai jimlar Turancin nan "look forward to", wato ɗokin abin da ke tafe, ta sakar mini mara. Na tsara a watan nan zan gama da rubutun wasiƙa in koma kan muƙala, amma wannan 'yar jimlar rufe wasiƙa ta cinye lokacin kaf. Masu shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, nau'in General Training, kun san aikin farko a rubutu wasiƙa ce, kalma 150 aƙalla cikin kusan minti 20, kuma kuɗin jarrabawar ba na wasa ba ne balle mutum ya ce zai maimaita.

An koya mana cewa bayan "to" sai aikatau tsurarsa: "to go", "to see". To ga shi duk samfurin wasiƙar da na ɗauka sai in ga "I look forward to hearing from you". Me ya kawo "ing" nan? Hadda ba ta da amfani a wurin, domin da zarar an sauya aikatau sai hannu ya zarce ya rubuta "to meet you".

Ashe "to" iri biyu ce. Ɗaya tana jan aikatau, kamar a "I want to go". Ɗayar kuwa 'yar'uwar "in" da "on" ce, suna take nema a bayanta. Gwajin da ya fisshe ni shi ne, cire aikatau ka sa suna. "I look forward to the meeting" ta zauna daram. "I want to the meeting" kuwa ko kunne ba ya karɓa. Inda suna ya zauna, aikatau ba ya shiga sai da "ing". Na gwada a kan "object to" da "get used to", duk ya ci. Har ya raba mini gardamar "I used to drive", wato da can ina tuƙi, da "I am used to driving", wato na saba da tuƙi. Wallahi har dariya na yi ni kaɗai.

Sai dai kada ku ɗauki gwajin nan kamar yankan wuƙa. "Agree" ta ba ni kunya: "agree to the plan" daidai ne, amma kuma "agree to go" ake cewa. Ita da kowace "to" take tafiya, gwajin ba ya kama ta. Na buɗe mata shafi daban a littafina, kuma ina zargin tana da 'yan'uwa. Wanda ya ci karo da irinta ya taimaka mini da ita.