Kasuwar zane za ta ci a Legas, mu muna bakin sussuka

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, mu nan ƙasar Birnin Kudu hankalin kowa yana kan yankan dawa da kakkaɓar riɗi da neman buhu, su kuma can Legas wata kasuwa ce take ci wadda yawancinmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba. ART X Lagos ake ce mata. Wata mata Tokini Peterside ce ta kafa ta a 2016, ana yinta a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island, masu zane da masu sassaƙa da masu ɗaukan hoto daga ƙasashen Afirka daban-daban su kawo aikinsu a rataye a bango, masu kuɗi su shigo da ƙananan kaya da manyan riguna suna zagayawa suna tayawa. Kuma ba ita kaɗai ba, da yake baƙi sun cika gari, sauran gidajen baje zane na Ikoyi da Lekki su ma a wannan tsakanin suke buɗe sabbin nune-nunensu, kowa na son a leƙo shi.

Toh ni abin da ke cin raina game da wannan harka shi ne mu ba ma ciki, alhali wallahi a ƙofar gidanmu aka haife ta. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ita ce ta koma Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka haɗa ƙungiya suka ce su fa sun gaji da kwaikwayon Bature kawai, za su ɗauki dabarar da aka koya musu su haɗa da abin da suka taras a gidajen iyayensu. Uche Okeke ya koma wa zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, Bruce Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin mutanensu Urobo, ga Yusuf Grillo da shuɗin fentinsa da matan Yarabawa masu gwaggwaro, ga Demas Nwoko da ya zarce har harkar gini. A Zazzau suka zauna, tuwonmu suka ci, amma ka duba fitattun cikinsu babu Bahaushe ko ɗaya, kuma har yau sashen zane na ABU yana nan yana yaye ɗalibai, da yawansu suna gamawa Legas suke nufa saboda can masu saye suke.

Kada wani ya ce wasan yara ne ko aikin marasa abin yi. Ben Enwonwu ya zana wata gimbiyar Ife a 1974, Tutu, zanen ya ɓace shekara da shekaru sai aka tsince shi a wani gida a Landan, da aka yi gwanjonsa a 2018 fam miliyan 1.2 aka saya. Ku buga da canjin yau ku gani, ni kam lissafin ya fi ƙarfin wayata. Akwai kuma El Anatsui, mutumin Gana ne amma daga 1975 zuwa 2011 ya koyar a jami'ar Nsukka, shi aikinsa murafen kwalabe ne (na giya ma kuwa, Allah Ya shirya), yaransa su bubbuge su su huda su a ɗinke da wayar tagulla har su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da zai rufe bango guda. Irin kayan da 'yan gwangwan ɗinmu ke auna wa a kilo kenan fa. A 2023 babban zauren Tate Modern, gidan baje zane na Landan, aka ba shi ya cika da su.

Amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Ladi Kwali. Ka ɗauko naira ashirin, idan har kana da ita don yanzu ko fiya wata ba ta saye, ka juya bayan Murtala, matar nan da ke zaune tana ginin tukunya ita ce. Bagwariya ce daga Kwali, a gida ta koyi ginin tukunya da hannu irin na gargajiya, a 1954 ta shiga makarantar tukwane da wani Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Tulunanta tana tsaga musu hoton kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, a shafa musu ruwan ƙyalli a gasa da wuta mai ƙarfi, aka yi ta yawo da ita Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a suna kallo. ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Da Tate Modern ta buɗe babban nunin masu fasahar Najeriya a Oktoban 2025, tukwanenta na cikin abin da aka jera tare da aikin su Enwonwu da mutanen Zariya.

Ina da wata gwaggo a ƙauyen gaba da mu, ginin tukwane ta gada, tun ina yaro nake ganinta tana kwaɓa yumɓu da ƙafa, ta ɗora a kan kasko tana zagaya shi a sunkuye tana ja da hannu ɗaya ciki ɗaya waje, in ya sha iska ta ɗauko totuwar masara ta mirgina a wuyan tulun sai kaga wani ado ya fito jere reras, sannan ta goge da dutse mai sulɓi. Rannan na nuna mata hotunan tulunan Ladi Kwali a waya nace Gwaggo kin ga wannan, a gidan gilashi ake ajiye su a ƙasar Turawa ba a ko taɓawa. Ta karɓa ta ƙura ido ta daɗe, sai ta ce "ɗan nan, wannan hannu ya iya, dubi yadda ta fitar da kafaɗar, amma ruwa zai yi sanyi a ciki kuwa da wannan santsin da aka shafa?" Kuma gaskiyarta, tulun da aka toshe masa ƙofofin gumi ba ya sanyaya ruwa, na kallo ne. Ita nata ranar kasuwa ake jibge su a gindin bishiya, mai saye ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji ko ya tsage, ya yi ta ciniki kamar zai yi kuka, robobi da kula kuma sun cinye rabin kasuwar.

Nasan abin da wasu za su ce, maganar hoton mai rai da gunki. Wannan malamai sun yi bayani kuma ba fagena ba ne, ba zan sa baki ba. Abin da na sani shi ne babban kaso na abin da ake ratayewa a waɗannan wurare babu mutum babu dabba a ciki, layi ne da launi da saƙa da rini. Toh a nan wa zai nuna mana? Ku tuna allon zayyana da ake yi wa yaro ranar saukar Alƙur'ani, ja da kore da ruwan ɗorawa an tsara su daki-daki babu rula babu kwamfuta. Ku tuna aikin aska takwas a babbar riga, da hular zanna, da ƙwaryar da aka yi wa sassaƙa da wuƙa mai zafi, da dagi a goshin soro, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Nike Davies-Okundaye da ta gina gida hawa biyar a Lekki ta cika shi da dubban ayyuka, da me ta fara? Da adire, rinin baba, shi ɗin dai da ake yi a marinar Ƙofar Mata.

Bambancin kawai su sun samu masu tsaya musu. Wani basaraken Abekuta, Yemisi Shyllon, ya shafe rayuwarsa yana sayen zane yana tarawa, daga baya ya ba Jami'ar Pan-Atlantic kimanin guda dubu, aka gina gidan ajiya da sunansa aka buɗe a 2019. A 2017 wasu matasa suka share tsohuwar rumfar jiragen ƙasa a Ebute Metta suka yi baje koli a ciki, tsakanin matattun taragu. Mu kuma attajiranmu, Allah Ya ƙara musu, in an samu sai gidan mai da filaza da ƙarin aure. Kano tana da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, wurare ne masu kyau na tarihi, amma yaron da ya zana abu jiya a Gwaram ko Sumaila ina zai kai a gani a saya? Ƙarshensa fentin bayan tifa da allon shago. Mu nan ma ga zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da mutanen dauri suka yi tun kafin a san kakannin kakanninmu, masu bincike na tahowa daga nesa su gani, amma ka tambayi 'yan sakandaren garin nawa ne aka taɓa kai su.

Don haka 'yan uwa mazauna Agege da Idi Araba da Mile 12, ku da motar Lekki ba ta gagare ku ba, dan Allah in Nuwamba ta zo wani ya saci yini guda ya shiga ko gidan Nike ko gidan tarihi na Onikan, wanda yake nan tun 1957. Ku ɗauko mana hotuna inda aka yarda a ɗauka, ku karanta 'yan takardun da ake liƙawa a gefen kowane aiki masu sunan mai shi da garinsu, ku ƙirgo mana na Arewa nawa ne a ciki.