Yadda muƙamuƙina ya saki bayan cire haƙorin hankali

Yau kwana 12 da aka cire min haƙorin hankali (haƙorin ƙarshe na can ƙuryar baki) na ƙasa ɓangaren dama, kuma wallahi abin da ya fi wahalar da ni riƙewar muƙamuƙi ne, ya fi ciwon wurin ɗinkin nesa ba kusa ba. Ranar ta 3 na tashi da safe na ɗauko buroshi, sai naga ko shiga bakin baya yi sosai, yatsa ɗaya ne kawai ke wucewa tsakanin haƙorana, hamma kuwa in ta taso sai na dafe haɓa don tsoro. Hankalina ya tashi gaskiya.

Da na koma wajen likitan haƙori yace min wannan abu sunansa trismus kuma yana yawan faruwa, musamman in haƙorin na ƙasa ne kuma a kwance yake cikin dasashi irin nawa. Tsokar da muke tauna da ita ce ta kumbura, ga daɗewar da baki yayi a buɗe lokacin tiyata, ga allurar kashe zafi da ake yi can ciki kusa da tsokar. Yace mai lafiya yatsunsa 3 a jere suke shiga baki, wajen milimita 40 kenan, da haka zan riƙa auna kaina.

Kuskurena shine na cigaba da ɗora ƙanƙara har kwana 4 kuma na daina motsa bakin kwata-kwata, a tunanina hutu yake so. Ashe ƙanƙara aikinta awa 24 zuwa 48 na farko ne don rage kumburi, bayan nan ɗumi tsokar take buƙata. To sai na koma tsoma tawul a ruwan ɗumi, in matse, in ɗora a kumatu kamar minti 15 zuwa 20, sau 3 ko 4 a rana, kuma tun tawul ɗin bai gama hucewa ba nake sa yatsu biyu in murza wurin a hankali, can gaban kunne inda zaka ji tsokar ta taso in ka cije haƙora. Daga nan in ɗora harshe a ganɗa, in buɗe baki sannu sannu har inda naji yana ja, in tsaya daƙiƙa 5, in rufe, sau 10, sai in kai haɓa dama da hagu. Don Allah kar wanda ya ɓanɓare bakinsa da ƙarfi, da zarar ja ya koma zafi a tsaya nan.

Ibuprofen da likitan ya rubuta min ya taimaka sosai, nakan sha bayan naci abinci mai laushi, amma masu olsa ko ciwon ƙoda su tambayi likita tukuna. Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi ma sai bayan awa 24, a hankali, banda zuƙar abu da tsinken shan lemo, banda taba, don kar jinin da ya daskare a ramin ya fita.

Abin da ya gargaɗe ni a kai shine in kumburin ya cigaba da ƙaruwa bayan kwana 3, ko zazzaɓi, ko mugunya, ko haɗiye yawu ya gagara, in dawo nan take, in numfashi ne ya fara wuya kuwa asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Haka in an wuce sati 2 bakin bai fara sakewa ba.

Ni a kwana na 7 yatsu 2 suka shiga. Jiya da daddare na gwada, na ukun ya wuce da ƙyar, Alhamdulillah, amma har yanzu ina gasa kumatun safe da yamma.