Surace da miƙe jiki: abin da na gani a waya da abin da Goggo ta dafa min

Tun shigowar hunturun nan ƙuguna ke min ciwo, irin ciwon nan da bai kai ya kwantar da mutum ba amma kuma ba ya barinki ki sake. Ɗinki nake yi, daga safe har la'asar ina kan keke, lokacin bukukuwa kuwa har dare, ga mura da hazon Kano ya kawo min ta ƙi tafiya. Wani dare ina kwance ina latsa waya sai na ci karo da bidiyon wasu mata a Marrakesh ta ƙasar Maroko, a wani gida mai tsakar gida da ruwa a tsakiya, da sassafe sun shimfiɗa tabarmar roba suna yoga, da yamma kuma a kai su ɗakin wankan tururi da ake ce wa hammam. Wai sati guda mutum zai biya kuɗi da dala ko yuro ya je ya zauna, ba aikin fari ba na baƙi sai miƙe jiki da jan numfashi da abinci mara nauyi da gumi da barci. Wallahi sai da na kalla sau uku, don jikina abin da yake roƙona kenan.

Na bi na yi ta karantawa, ashe harka ce babba a duniya. Hammam ɗin nan tsohon abu ne a ƙasashen Musulmi, daga Maroko har Turkiyya, asalinsa daga gidajen wankan Rumawa, kuma da yawa kusa da masallaci ake gina su saboda tsarki. Ɗaki-ɗaki ne, ki fara da mai ɗumi ki wuce mai zafi, idan fata ta yi laushi a shafa miki baƙin sabulun zaitun wanda da na gan shi sabulun salonmu ya faɗo min a rai, a dirje ki da wata safar hannu mai kaushi har dauɗa ta dinga murmushewa, sannan a shafe ki da wani yumɓu da ake haƙowa a duwatsun Atlas. A Indiya inda yoga ta samo asali, garin Rishikesh da ke bakin kogin Ganges cike yake da irin waɗannan masaukai, a jihar Kerala kuma sai an mulke mutum da mai tukuna a zaunar da shi cikin akwatin katako kansa a waje, tururin ganyayyaki na dukansa. Mutanen Finland su sauna ce tasu, wato ɗakin zafi da ake shiga a yi gumi, zafinta kan kai digiri 80 har sama, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka ta cikin al'adun duniya a 2020. A Meziko ma akwai wata 'yar bukka mai kama da rumbu, temazcal, ana gasa duwatsu a yayyafa musu ruwa.

Ranar Juma'a na je gaida Goggo a cikin gari, na nuna mata. Na ce Goggo ku duba abin da Turawa ke biyan miliyoyi a yi musu. Ta karɓi wayar ta nesanta ta da ido ta kalla har ƙarshe, ta ce ke 'yar nan wannan ai surace ne, tashi ki ɗauko min babbar tukunyar nan. Ta aiki yaro ya tsinko ganyen darbejiya a ƙofar gida, da na mangwaro da na gwaiba a maƙota, ta yanka lemon tsami ta watsa, ta kwance wani ƙullin leda na tazargade da ta saya a Kasuwar Kurmi ta barbaɗa. Da ya tafasa ta sauke ta kai ɗaki, ta zaunar da ni kan kujera 'yar tsugunno ta lulluɓe ni da bargo har ƙasa, ta miƙo min muciya ta ce ki dinga juyawa a hankali, kar ki buɗe murfin gaba ɗaya. Duhu, ga ɗacin darbejiya har maƙogwaro, gumi na bin bayana kamar an kunna famfo, hancin da ya yi sati a toshe na ji ya buɗe. Tana zaune a gefe da carbinta, jim kaɗan sai ta ce kina lafiya ko, in ce eh Goggo. Da na fito ta hana ni fita iska, ta ba ni shayi mai citta da kanumfari, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Sai da na koma gida na zauna na yi tunani, mu fa rabin abin nan muna da shi tun kaka da kakanni. Ga surace, ga wankan jego da ake yi wa mai haihuwa da ruwan zafi da ganye har a yi arba'in, ga dukhan da dilka da muka samo daga Sudan da 'yan uwanmu Shuwa wanda yanzu kusan duk amaryar Kano sai an yi mata. Matsalar ita ce duk sai da dalili, sai kin kwanta ciwo, ko kin haihu, ko za a kai ki ɗakin miji. Macen da ta yi shekara 15 tana girki da goyo da sana'a ba mai ce mata zo ki huta a gasa miki jiki. Abin da matan bidiyon nan suka saya da kuɗinsu lokaci ne, awannin da ba mai kiran sunansu, shi ne ya fi tsada, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai.

Ɓangaren yoga kuma na san inda za a tsaya min, kuma ni ma na tsaya a wurin. Yoga tana da tushe a addinin Hindu, akwai kalmomin da ake rerawa, akwai wani jerin motsi da sunansa ma gaisuwar rana ne. Wannan ba nawa ba ne kuma ba zan yi ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogar da ta haɗa da irin waɗannan rere-reren na bauta, Saudiyya kuma a 2017 ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware mata ranar 21 ga Yuni tun 2014. To ni dai abin da na ɗauka shi ne miƙa gaɓoɓi da numfashi, irin wanda likitocin gashin ƙashi ke koya wa masu ciwon baya a asibiti. Bayan sallar asuba da azkar in shimfiɗa bargo, in durƙusa kan gwiwa da tafin hannu in gantsare baya in sake shi sau 10, in kwanta rigingine in jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, in ja numfashi ta hanci in sake shi a hankali. Minti 15 ne. Sati 3 kenan, ƙugun bai warke sarai ba amma yanzu ina iya yanka atamfa a ƙasa in miƙe ba tare da na dafa bango ba.

Amma don Allah a yi hattara, wannan da gaske nake. Akwai yarinyar wata maƙociyarmu da tukunyar surace ta kife mata a cinya, har yau tabon na nan, shi ya sa ba na son a lulluɓe ƙaramin yaro da tafasasshen ruwa ko da uwarsa na riƙe da shi. Kar a shiga da kaskon gawayi cikin bargo ko a rufe ɗaki da shi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, su tambayi likita tukuna, domin zafi yana buɗe jijiyoyin jini ya sa zuciya ta ƙara gudu, shi ne jirin nan da ake ji idan an miƙe da sauri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan zafin wanka da kunun kanwa, saboda haka ko al'adar tamu ma tana son a sassauta. A sha ruwa kafin da bayan, minti 10 ya isa. Kuma zazzaɓi idan ya zo a je a yi gwaji, surace yana sa a ji sauƙin jiki amma ba ya kashe maleriya.

Abin da nake fata shi ne wata mai hali a garin nan ta buɗe wuri na mata zalla, ko a Nasarawa ko Zoo Road ko ma cikin gari, mai tsafta, da ma'aikaciyar jinya da za ta auna jini kafin a shiga, da wurin sallah, da tsofaffi irin su Goggo da suka san ganye a biya su haƙƙinsu, a kuɗin da malamar makaranta ko tela irina za ta iya biya ko sau ɗaya a wata. Kafin nan dai na mayar da Juma'a ranar rufe shago da wuri. Yaran shagona biyu sun ce za su bi ni wannan satin, Goggo ta ce mu taho da bargunanmu da lemon tsami, darbejiya akwai a ƙofar gida.