Kifin da ke jiran wata tara kafin ya zuba ƙwai

A kogunan arewa maso yammacin Amurka, waɗanda ke gangarawa Tekun Pasifik ta jihohin Washington da Oregon da Kalifoniya, akwai wani kifi da ake kira sitilhed. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi shekara 1 zuwa 3 a ruwan daɗi, ya gangara teku ya ci ya yi ƙiba, sannan ya juyo rafin da ya fito domin ya hayayyafa. Masunta da ma'aikatan kifi na can sun raba shi gida biyu, 'yan bazara da 'yan hunturu. 'Yan bazara suna barin teku su shigo kogi daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin zafin ƙasar ke nan da abin da ya biyo bayansa. 'Yan hunturu kuwa sai daga Nuwamba zuwa Afrilu. Amma idan aka zo batun zuba ƙwai, kusan lokaci guda suke yi: daga ƙarshen hunturu zuwa lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa, mafi yawa tsakanin Fabrairu da Mayu. A manyan tsaunuka masu sanyi abin ya kan kai Yuni.

Karatun kimiyyar kifi ne ya kai ni Oregon, kuma cikin aikin da ake ba ɗalibai akwai bin rafuka a ƙafa ana ƙirga gurbin ƙwai. A wannan aikin na fahimci abin da waɗancan watanni ke nufi ga kifin kansa, kuma shi ya sauya yadda nake kallon duk wani jadawali da aka miƙo mini tun daga lokacin.

A ɗauki mata biyu na wannan kifi a watan Afrilu, kowacce tana haƙa tsakuwa da wutsiyarta. Ɗaya ba ta fi 'yan makonni da barin teku ba. Ta shigo da ƙwai ya riga ya ƙosa a cikinta, ta bi ruwan sama ta hauro, ta sami wuri, za ta sauke nauyi ta juya. Ɗayar kuwa tun Yulin bara take cikin kogi. Ranar da ta shigo jikinta fari ne sol, cike da kitse, ƙwan cikinta bai ma fara girma ba. Ta yi zafi a kogi, ta yi sanyi a kogi, ba ta ci wani abin kirki ba. Guzurinta a jikinta yake: kitsen nan da shi ta yi tafiya, da shi ta yi zaman jira, daga shi kuma ƙwan ya ginu. Kafin Afrilu ta rame, ta yi duhu, jan layi ya fito mata a gefe. Wata tara ke nan.

Tambayar da ta daɗe tana cina ita ce, me ya kai kifi wannan wahala? Teku na da abinci, kogi ba shi da shi. Amsar tana ga ruwa da duwatsu. Akwai matsirgar da kifi ba ya iya haye ta da hunturu, don ruwa ya cika ya yi ƙarfi, amma idan ruwa ya ja da bazara sai ta tsallaku. Wanda ya zo da wuri ya haye, ya mallaki rafukan sama shi kaɗai, babu mai yi masa kutse a tsakuwa, 'ya'yansa kuma babu masu raba abinci da su. Haka abin yake a Kogin Siletz da ke gaɓar Oregon da Kogin Kalama a Washington. A matsirgar Willamette kuwa, kusa da Portland, lissafin ya juye. Kafin a gina wa kifi matakala, ba ta hayuwa sai ruwa ya yi yawa a ƙarshen hunturu, shi ya sa asalin kifin da ke samanta duk 'yan hunturu ne masu zuwa a makare. 'Yan bazaran da ake gani a can yanzu mutane ne suka kawo su daga gidan ƙyanƙyasa. Kowane kogi da tsarinsa, kuma duwatsunsa ne suka tsara.

Dalili na biyu nisa ne. Kifin da zai kai saman Kogin Salmon a jihar Aidaho sai ya yi tafiyar da ta kai wajen kilomita 1,400 daga teku, ya kuma haye madatsun ruwa 8, huɗu a Kogin Kolombiya, huɗu a Kogin Snake. Ba tafiya ce da za a yi da cikakken ciki a tsakiyar sanyi ba. Saboda haka kusan duk kifin da ke can ciki, gabas da tsaunukan Cascade, ɗan bazara ne. Ya kan wuce madatsar Bonneville, ta farko a Kogin Kolombiya daga teku, tsakanin Yuni da Oktoba, ya yi hunturu a manyan koguna, sai ruwa ya fara ɗumi a Maris ko Afrilu ya ƙarasa ƙananan rafuka.

A nan darasin farko ya same ni. A Bonneville akwai tagar gilashi a jikin matakalar kifi, ana ƙirga duk wanda ya wuce, kuma tun 1938 ake wannan lissafi. Adadi ne mai kyau, mai tsafta, yana da daɗin zanawa a takarda. Amma kifin da aka ƙirga a Agusta bai haihu ba tukuna, saura masa rabin shekara da ɗoriya. A tsakani akwai ƙugiyar masunta, akwai koma, akwai cuta, akwai zafin ruwa. Idan ruwan Kolombiya ya kai digiri 20 ko 21, kifin ya kan rasa sukuni ya kauce zuwa bakin ƙananan koguna masu sanyi irin su Deschutes da Little White Salmon, ya laɓe makonni. Masunta kuma sun san da haka, can suke zuwa su same shi a tare. Adadin taga yana gaya maka nawa suka shigo. Nawa suka kai ga tsakuwa, wannan sai wanda ya sa dogon wandon roba ya shiga rafi a watan Afrilu.

Aikin ba shi da wani armashi a ido. Kana tafe cikin ruwan da ke sa ƙafa ta mutu, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, kana duban ƙasa. Macen kan zaɓi wutsiyar wuri mai zurfi, daidai inda ruwa ke fara gudu, domin a nan ruwa ke kutsawa ta cikin tsakuwa yana kai wa ƙwai iska. Ta kwanta a gefe ta riƙa bugun ƙasa da wutsiya har rami ya samu, ta zuba, namiji ya saki nasa, sai ta matsa gaba kaɗan ta sake haƙa, tsakuwar da ta tayar ta rufe na baya. Abin da kai za ka gani shi ne wani fili mai haske a cikin duhun gansakuka, rami a sama, tudu a ƙasa. Ka ɗaura ƙyalle a reshe, ka rubuta rana, don kada wanda zai zo zagaye na gaba ya sake ƙirga shi. Bayan 'yan makonni gansakuka ta mayar da wurin yadda yake, shi ya sa ba a barin rafi ya wuce mako biyu ba a zaga shi ba. Idan kuma aka yi ruwa rafi ya gurɓace, ranar ta tafi, sai dai a rubuta cewa ba a gani ba. Wata dattijuwar ma'aikaciya da muke fita tare ba ta taɓa yarda a rubuta sifili a irin wannan rana ba. Ta kan ce rashin gani daban, rashin kifi daban. Har yau ina riƙe da wannan, domin na ga rahotanni da yawa a fannoni dabam-dabam inda aka haɗe biyun.

Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. A ruwa mai digiri 10 ya kan ƙyanƙyashe cikin kamar wata guda, idan ya fi sanyi ya ɗauki fiye da haka, sannan 'ya'yan su ƙara makonni a ƙarƙashin tsakuwa suna shan gwaiduwar da ke manne a cikinsu kafin su fito. Duk tsawon wannan lokaci laka ita ce babbar abokiyar gaba. Hanyar motar masu sare itatuwa guda ɗaya da ta zaizaye a saman tudu ta isa ta toshe tsakuwar rafi, ƙwai ya shaƙe ba wanda ya sani.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne wuraren jira. A Steamboat, wani rafi da ke shiga Kogin North Umpqua a Oregon, akwai lungu mai zurfi inda wani ƙaramin rafi mai sanyi ke zubowa. 'Yan bazara kan taru a nan da ɗaruruwansu, su kwanta cikin ruwa garau tun daga zafi har ruwan sama ya sauko. An daɗe da hana kamun kifi a rafin, duk da haka an sha samun masu zuwa da dare su kashe su, har da nakiya, sai da ta kai ana ajiye mai gadi a bakin wurin kowace shekara a lokacin da kifin ke tare a nan. Mutum ɗaya cikin dare ɗaya yana iya share haihuwar rafi guda, wata shida kafin a haƙa gurbi ko ɗaya. Dokar da ta ce a bar kifi ya huta lokacin zuba ƙwai tana da kyau, tana kuma amfanar ɗan hunturu sosai. Ɗan bazara kuwa haɗarinsa ya riga ya wuce ta kansa tun kafin dokar ta fara aiki. Shi abin da yake bukata inuwar itatuwa ce a Agusta, da maɓuɓɓuga mai sanyi da ba a janye ruwanta zuwa gona ba, da ido a kan lungun da yake kwance.

Mutane ma sun taɓa kalandar kifin da hannunsu. A Washington, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, gidajen ƙyanƙyasa sun riƙa zaɓen matan da suka fi saurin ƙosawa daga irin rafin Chambers, kusa da Tacoma, domin 'ya'yan su sami isasshen lokacin girma a sake su cikin shekara guda. Da tafiya ta yi tafiya aka sami irin da ke dawowa a Disamba da Janairu, ya zuba ƙwai tun kafin na daji. An baza shi a koguna da dama. Masunta suka koma fita a waɗannan watanni, ƙugiya kuma ba ta tambayar asali, sai na dajin da ke zuwa da wuri suka riƙa tafiya tare da na gida. A koguna da yawa farkon zuwan na daji ya sirance. Yanzu ana yanke wa kifin gidan ƙyanƙyasa ɗan fiffiken naman da ke kusa da wutsiya don a bambance shi, amma abin da aka rage daga na daji bai dawo da sauƙi ba. Waɗanda suka yi wannan aiki ba mugaye ba ne, kifi suke so ya yawaita. Sun dubi yawa ne, ba su ɗauki lokaci a matsayin abin da ake gada ba.

Ga shi kuwa gadonsa ake yi. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa bambancin zuwa da wuri da zuwa a makare yana rataye ne galibi a wuri ɗaya cikin ƙwayoyin gado, kusa da wanda ake kira GREB1L, kuma nau'in zuwa da wuri sau ɗaya ya samu a tarihin kifin sannan ya bazu. Kafin nan, tunanin da ya fi rinjaye shi ne idan 'yan bazaran wani kogi suka ƙare, 'yan hunturun kogin za su sake fitar da wasu. Shi ya sa dokar tarayya ke haɗa su a rukuni ɗaya idan suna yanki ɗaya. Binciken ya nuna wannan fata ba shi da tushe mai ƙarfi. Jihar Kalifoniya ta amince a 2021 ta sa 'yan bazaran arewacinta cikin masu fuskantar ƙarewa su kaɗai, hukumar tarayya kuwa ta ƙi raba su. Ni dai ina tare da jihar. Idan ka haɗa ɗaruruwan 'yan bazaran da ke kwance a Kogin Eel na Kalifoniya da dubban 'yan hunturu a layi ɗaya, na farkon za su iya ƙarewa ƙaf jimillar ba ta motsa ba.

Da na dawo gida sai na ga tambayar tana nan tana jirana da wata fuska. Tarwada da sauran kifayen fadamar Haɗeja da Nguru suna bin sabon ruwan damina ne su fantsama cikin ciyawa su hayayyafa. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya lokacin da ruwan ke isa da yawan wurin da yake rufewa. Idan aka ce an saki ruwa kaza a shekara, ni yanzu abin da nake fara tambaya shi ne a wane wata, kuma ina kifin yake a watan.

Sitilhed ba lalle ya mutu bayan haihuwa ba, saɓanin kifin salmon na Pasifik. Wasu, galibi mata, suna gangarawa teku a rame su sake dawowa. A Kogin Kolombiya kaɗan ne ƙwarai ke tsira daga madatsun a hanyar komawa, shi ya sa ƙabilun Yakama da Nez Perce, 'yan asalin yankin, suke kama irin waɗannan matan su ciyar da su watanni a tankuna, su sake su idan sun murmure don su ƙara haihuwa. A Kogin Elwha na jihar Washington kuma, inda aka rushe madatsu biyu tsakanin 2011 da 2014, 'yan bazara sun sake bayyana bayan an ɗauka sun tafi ke nan. Bincike ya nuna daga ƙananan kifayen da suka maƙale a saman madatsun kusan shekara ɗari suka fito, waɗanda ba su taɓa ganin teku ba amma gadon zuwa da wuri yana jikinsu. A kogin da babu irin wannan ajiya a samansa, babu inda za a samo su.