Asabar: bin sawun makaɗa daga faifai zuwa faifai

Aikin yau sake jera fayafayen garmaho ne, waɗanda ke layin sama na kanta. Jerin da suke kai na harufa ne, mai sauƙin nema, amma yana raba 'yan uwa da juna. Faifan ƙungiyar BLO ta Najeriya na can farko, na Fela Kuti a tsakiya, na ƙungiyar Wings a ƙarshe, alhali mutane ɗaya ne ke shiga suna fita a cikinsu tsakanin 1970 da 1979. Na sauke su kan tabarma na kifa su, bayan kwali a sama, domin abin da ake nema yana cikin ƙananan rubutun baya: wa ya kaɗa me, a wane situdiyo, wa ya tsara, wane kamfani ya buga.

Bakin zaren yana cikin faifan farko na Ginger Baker's Air Force, ƙungiyar Ginger Baker makaɗin ganga ɗan Ingila, wanda aka ɗauka a zauren Royal Albert Hall na Landan a Janairun 1970. Fayafayai biyu ne a kwali ɗaya. Cikin jerin makaɗan, sunaye biyu ne suka shafi aikin yau: Denny Laine mai jita, da Remi Kabaka, makaɗin ganga ɗan Najeriya. Su biyun sun sake haɗuwa a Band on the Run na Paul McCartney da Wings, wanda ya fito a ƙarshen 1973. Yawancin faifan an ɗauke shi ne a Legas, a situdiyon EMI da ke Apapa, da na'ura mai layi takwas kacal. Makaɗa biyu sun fice daga ƙungiyar ana gab da tafiya, saboda haka mutum uku suka sauka Legas: McCartney, matarsa Linda, da Laine. Shi ya sa gangar da ake ji a faifan ta McCartney ce da kansa. Kabaka ya sa hannu a kiɗan waƙa ɗaya, Baker ma ya yi haka a situdiyonsa na ARC da ya buɗe a Ikeja a shekarar. A lokacin wannan aikin ne Fela ya zargi McCartney da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da aka kira shi aka kunna masa abin da aka ɗauka. Wanda ya saurari faifan zai ga lallai babu abin da aka sata, kiɗan Ingila ne zalla da aka yi a zafin Legas.

Ba kowane bugu ne ke kawo sunayen baƙin makaɗa a kwali ba, don haka rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum bai yi aikin ba.

Daga Baker hanya ta miƙe zuwa Live! na 1971, wanda ya yi da Fela da ƙungiyarsa Africa 70 a situdiyon Abbey Road na Landan, gaban 'yan kallo ƙalilan da aka gayyata. A nan akwai tarko. Ainihin faifan waƙa huɗu ne. Dogon karon ganga tsakanin Baker da Tony Allen makaɗin gangar Fela, wanda mutane ke yawan ambata, daga bikin jaz na Berlin ne a 1978, kuma ƙari ne da aka liƙa a sabon bugu daga baya. Wanda ya kwafi jerin waƙoƙi daga intanet ya rubuta a katinsa zai haɗe shekara bakwai wuri ɗaya. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne: 1971 ƙungiyar na tasowa, bayan wasan Berlin kuwa yawancin makaɗan suka watse, har da Allen.

Allen ɗin shi ne ya cinye rabin yinin. Fayafayensa uku, Jealousy na 1975, Progress na 1977 da No Accommodation for Lagos na 1979, da sunansa suka fito, amma Africa 70 ce ke kiɗan kuma Fela ne ya tsara. Muhallinsu kusa da na Fela ne, shekara da shekara. In an ɗora Jealousy aka bi shi da wani faifan Fela na shekarar, kunne zai kama masu busa ɗaya da jita ɗaya, sai dai an ba ganga fili. Hannun Allen sassauƙa ne. Yawan aikinsa yana kan farantan nan biyu da ake buɗewa ana rufewa da ƙafar hagu, ga ƙananan taɓe-taɓe a kan ƙaramar ganga waɗanda allura mai datti ke haɗiyewa gaba ɗaya. Baker kuwa hannunsa da nauyi, manyan ganguna yake zagayawa. A ganina ko ba a duba kwali ba ana iya raba su cikin minti guda, muddin faifan na da tsabta kuma injin na juyawa daidai.

Juyawar daidai ita ce inda ake yawan yin asara. Babban faifai mai faɗin inci 12 juyi 33⅓ yake yi a minti. Gwajin da ba ya buƙatar komai shi ne a ɗora guntun takarda a bakin farantin injin a ƙirga: juyi 100 cikin minti 3 cif. Tsofaffin injinan da aka yi wa kasuwar Amurka, masu motar da ke bin bugun wutar lantarki, an gina su kan bugu 60 a daƙiƙa, wutarmu kuma 50 ce. Taransifoma tana sauke ƙarfin wutar zuwa 110, amma ba ta taɓa bugun. Irin wannan injin juyi 83 zai ba ka a minti ukun nan, murya ta yi kauri, kiɗa ya ja ƙafa, har a ɗauka wani makaɗi ne daban. Maganinsa canza ɗan gammon da ke kan motar a sa na 50. Faifan takarda mai ɗige-ɗige da ake gwada gudu da shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki shi ma yana ruɗi in janareta ake amfani da shi: ƙwan da motar tare suke kaucewa, sai ɗigon ya tsaya cak kamar komai lafiya. Agogo da ƙirge sun fi aminci. Nauyin allura kuwa, yawancin kawunan zamani gram 1.5 zuwa 2.5 suke so, a bi abin da kamfanin ya rubuta. Ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta tsallake yana cinye layukan faifai ne kawai.

Wanki ya zo kafin saurare, saboda ƙurar hunturu. Busasshiyar iska na sa faifai ya riƙa jan ƙura da kansa, ana zaro shi daga riga yana ƙas-ƙas. Haɗin da na yi amfani da shi: tataccen ruwa kashi huɗu, sifirit na isofurofil kashi ɗaya, a shafa da tattausan ƙyalle ana bin zagayen layi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, a jingine ya bushe a inuwa. Wanda zai sayi ruwan batir a matsayin tataccen ruwa ya karanta kwalba da kyau, akwai mai asid. Tsofaffin fayafayai masu juyi 78 kuma sifirit narkar da su yake yi, ruwa kawai ake sa musu.

Wajen tantance shekara, fayafayen Fela suna taimakon kansu. Ransome-Kuti a kwali na nufin aikin kafin ya koma Anikulapo ne a 1975. Egypt 80, sabon sunan ƙungiyarsa, na nufin bayan tafiyar Allen. Zanen Lemi Ghariokwu a kwalayen ya fara ne daga Alagbon Close na 1974. Lambar kamfani ma na magana: NEMI ta EMI ta Najeriya ce, DWAPS ta Afrodisia ce, reshen Decca na Afirka ta Yamma. Sai a karkata faifan a hasken taga a duba santsin filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, inda aka karce lambar aiki. Ya kamata ta yi daidai da ta takardar da ta kwali. A kayan gwanjo ba abin mamaki ba ne a samu faifai a kwalin da ba nasa ba, ko sabon bugu a tsohuwar riga.

Reshe ɗaya ya fita ta gefe. Ƙungiyar Salt da Baker ya zagaya da ita a 1972 ta ɗauki Joni Haastrup, Berkley Jones, Laolu Akins da tagwayen Lijadu. Haastrup ne ya kafa ƙungiyar Monomono, daga nan Jones da Akins suka haɗu da Mike Odumosu suka zama BLO, tagwayen kuma suka fitar da Danger a Afrodisia a 1976. Waɗannan na jera su a bayan na Baker kai tsaye.

Kowane faifai ya samu kati a cikin rigar leda: shekarar ɗauka, shekarar bugu, situdiyo, da sunayen da suka ɗaure shi da maƙwabcinsa. Jerin harufa ya koma littafi, da lambar gurbi a gaban kowane suna. An mayar da su tsaye, ba a matse ba, nesa da bangon da rana ke duka, tunda zafi da kwanciya ne ke lanƙwasa faifai.

Biyu sun rage a ƙasa. No Agreement na Fela na 1977 yana da busar Lester Bowie ɗan Amurka, wanda ke ja zuwa jaz ɗin Chicago, sai Music of Many Colours na 1980 da Fela ya yi da Roy Ayers, makaɗin jaz ɗan Amurka. Duk biyun na da haƙƙin zama a layin jaz na ƙasa. Na bar su wajen Fela, na sa katin nuni a gurbin Bowie da na Ayers.